Zaren Inna Bai Kai Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, kun taso kun same ta, har kun fara faɗa wa naku 'ya'yan: wai lokacin da na tuge audugar Inna ban san abin da take tarawa da ita ba. Goggonku Dije ce ta fara faɗin haka don ta rufa mini asiri, ni kuwa na ji daɗin rufin, na yi gum shekara da shekaru. Yanzu Dije ta riga mu gidan gaskiya, idona ya fara gajiya da takarda, kuma ba na son in tafi in bar ku da labarin da aka yi wa kwaskwarima. Na sani. An gaya mini da rana tsaka, a zauren gidanmu na Wunti, da Hausar da ko kurma zai gane. Likkafaninta take tarawa, kuma na san haka kafin in ɗauki gatari.

Sai na fara gaya muku yadda muke da Inna, in ba haka ba ba za ku fahimci komai ba, ku da kuke kiran iyayenku mata a waya kuna hira har da shewa. Ni ne ɗanta na fari. Kakanninmu sun bar ruga sun zauna cikin Bauchi tun kafin a haifi mahaifina, amma shanun kawai suka bari a daji, kunyar sun taho da ita cikin gari ba su zubar da ko kaɗan a hanya ba. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni aka miƙa ni gidan Baffa Audu, ƙanin mahaifina, wanda masaƙi ne, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da namu. In na shiga gaishe ta, daga bakin ƙofa nake tsugunawa, ta amsa tana kallon mazarinta. In tana da magana da ni, ƙanwata Dije take faɗa wa, ko da kuwa ina tsugune a gabanta.

"Dije, tambayi wancan ko ya ci abinci."

Dije kuwa ba ta da dama, sai ta juyo tana ƙunshe dariya ta ce, "Hamma Buba, wai an ce ka ci abinci?"

Haka muka rayu, kuma kada ku ɗauka rashin so ne. Nama mafi girma a miya ni ake aika wa ta kan katanga. Amma ku riƙe wannan da kyau: macen da ba ta iya kiran sunan ɗanta, ba za ta iya roƙonsa ba.

A bayan ɗakinta akwai 'yar garka da aka kewaye da zana, a ciki akwai gindin auduga bakwai. Ba irin audugar da kuka sani ba ce, wadda ake shukawa da damina a cire da kaka a manta da ita. Wannan itace ce, ta fi ni tsawo, tana nan rani da damina, Inna tana yi mata ban ruwa da ruwan wanke-wanke. Kaɗarta gajeriya ce, ba ta da hasken fari sosai, kuma tana manne wa angurya har sai an sha wuya wajen gurza. Irin ya zo ne a ƙullin tsumma cikin kayan aurenta, daga wurin uwarta, ita ma daga tata uwar. Inna tana kaɗi kamar kowace tsohuwa ta zamanin, ta sayi auduga a kasuwa, ta gurza, ta shiɓe, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, ta sayar da zare. Amma audugar garka ba ta zuwa kasuwa. Zarenta wata tukunya mai murfi yake shiga a ƙarƙashin gado. Al'adar matan gidansu ce: kowace takan kaɗa zaren likkafaninta da hannunta daga wannan irin, a ba masaƙi na gida ya saƙa. Ba wani malami ya ce su yi ba, kuma ba su ce wajibi ba ne. Inna dai takan ce tana son ta je gaban Ubangijinta da tufar da ta san asalin kowane silinta, daga shuka har ɗinki. Gindi bakwai ba ya ba da auduga mai yawa, likkafanin mace kuwa yana cin yadi, saboda haka aiki ne na shekaru.

Ni a lokacin na gama makarantar midil, na samu aiki a ofishin gona. Malamin auduga ake ce mini. Ina da keke, ina da wandon kaki mai karin guga, kuma ina da tabbacin cewa duk wanda ya girme ni bai san inda duniya ta dosa ba. 'Yancin kai ya matso, ko'ina ka zauna zancen ke nan, mu matasan ofis kuwa zancenmu bai wuce tufa ba. Mu ne muke noma auduga, a ɗora ta a jirgi a kai ƙasar Turawa, su saƙa, su dawo mana da ita yadi, mu saya da tsada muna godiya. Sai ga shi an kafa babbar masaƙa ta inji a Kaduna, aka kuma ɗaga harajin yadin waje don namu ya samu ya tsaya da ƙafarsa. Wallahi ranar da na ji haka ban iya cin abinci ba don murna. Sai dai inji ba hannun tsohuwa ba ne da zai lallaɓa kowace irin kaɗa. Yana son auduga iri ɗaya, doguwa, mai tsabta. Don haka aka riƙa raba wa manoma sabon iri kyauta, aka kuma kafa doka: da an gama cira, a tuge karan duka a ƙone, don tsutsar da ke cin ƙwallon auduga ta rasa inda za ta yi rani. Tsohuwar audugar gida kuwa, da yake ba ta mutuwa, ita ce masaukin tsutsar, kuma tana gurɓata sabon iri. Aka ce duk inda take a kawar da ita. Aikina ke nan, in bi gonaki in tabbatar an yi.

Har yau ban ce dokar wauta ce ba. Na ga tsutsar da idona, na ga gonar da ta cinye ƙurmus.

Baffa Audu ne kawai yake ja da ni, kuma yana yi ne ba tare da ya ɗaga ƙafa daga kan masaƙarsa ba. Yana zaune a rumfar ƙofar gida, zare ya miƙe har tsakiyar lungu, ƙoshiya tana kai da komo.

"To, Malam Buba na gwamnati," in ji shi, "injin nan naku, in ya saƙa a yini ɗaya abin da nake saƙawa a shekara, ni kuma me zan yi?"

"Baffa, ai ƙasa ake ginawa. Mutum dubu za su ci abinci a wurin."

"Madalla. Cikin dubun akwai mai suna Audu?"

Na yi dariya na hau kekena. A raina na ce tsufa ne.

Abin ya faru ne a shekarar da ta gabaci 'yancin kai, bayan an gama cirar auduga. Muka fita da Baturen gona zuwa Fadaman Mada, wadda a lokacin gonaki ce da 'yan bukkoki, ba wannan unguwar da kuka sani ba. Baturen dogo ne mai yawan shiru, yana jin Hausa fiye da yadda yake nunawa. Aka tara manoma a gindin tsamiya, na hau kan tushen itacen na zuba musu bayani, na ce ko gindi ɗaya aka bari to an buɗe wa tsutsa ƙofa. Ina cikin jin daɗin muryata sai wani dattijo, daga cikin mutanen dutse da suka sauko noma, ya ɗaga sandarsa.

"Malam, mun ji. Amma audugan mamanka fa? Yana nan a Wunti, na gan shi ta kan zana, ya fi ni tsawo. Shi tsutsa ba ya shiga gidan ma'aikaci ne?"

Wurin ya ɗauki dariya, har da masu tafa cinya. Na saci kallon Baturen, na ga yana duba takalminsa, gefen bakinsa yana motsi.  Ni kuwa dariyar nan ta biyo ni har gida, ina taka keke ina jin ta a ƙeyata. Ga shi kuma a watan ne ake zaɓen wanda za a tura kwas Zariya, wanda duk ya je ya dawo to ya zama babba. Ba zan ɓoye muku wannan ba, yana cikin lissafina.

Washegari bayan azahar na kira Dije zaure, na ce ta gaya wa Inna jibi zan zo in tuge audugar garka. Dije ta tsaya tana kallona kamar na yi wani yare. Ta shiga ciki, ba ta daɗe ba ta fito, amma ba saƙon Inna ta kawo ba, nata ta kawo.

"Hamma, ka san abin da ke cikin tukunyar nan ta ƙarƙashin gado?"

"Zare ne."

"Zaren likkafaninta ne. Tun kafin a haife ni take tarawa. Kai ba a gidan ka tashi ba, shi ya sa nake gaya maka, kada gobe ka ce ba ka sani ba."

Ta leƙa waje ta kira Baffa. Ya shigo yana karkaɗe rigarsa, ya ji abin da ake ciki. Da ya buɗe baki babu zolayar da ya saba.

"Buba, ni nake saƙa mata, na auna. Kaka biyu ta rage mata. Ka kawar da kai shekara biyu, in ta cika, ni da kaina zan taya ka sarewa. Wa zai haura katangar matan aure ya ƙirga itace?"

Na ce doka ba ta san gidan kowa ba. Na ce in na bar na uwata, da wane baki zan sa talaka ya tuge nasa? Maganar tana da kyau a kunne, har ni da nake faɗa sai da ta burge ni. Baffa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To shiga ka faɗa mata da bakinka," ya koma rumfarsa.

Na shiga na tsuguna a inda na saba. Tana zaune a kan tabarma, ƙafafu a miƙe, mazari yana juyawa a cikin 'yar tasarsa. Na gaishe ta, na yi bayanin tsutsa da inji da ƙasa, ina magana da ƙofar ɗaki. Abin da nake so ku gane shi ne, a can cikin raina jira nake ta hana ni. Da ta ɗago ta ce kada ka taɓa, da na samu abin da zan fake da shi, in ce uwa ta hana. Amma na san ba za ta iya ba. Na san sarai. Na ɗora mata kayan da na san wuyanta ba zai ɗauka ba, don in ce ba ta ce komai ba. Mazarin ya ci gaba da juyawa har zaren ya kai tsawon hannu, ta naɗe, sannan ta yi magana.

"Dije, gaya wa wancan aikinsa ne. Kada a kore shi saboda itace."

Dije ba ta maimaita ba. Ranar ce kaɗai na ga ta ƙi isar da saƙon Inna. Ta tashi ta shige madafa.

Duk ɗan da ya tashi a cikinmu ya san wannan ba izini ba ne. Uwa ce ta rasa yadda za ta yi, ta zaɓi ɗanta a kan kanta. Ni kuwa na ɗauke shi na sa a aljihu kamar takardar ofis mai hatimi.

Da hantsi na zo da gatari da diga. Ban kawo lebura ba, na ce ni zan yi da hannuna, wai don girmamawa. Saiwar ta yi nisa ƙwarai, gindi ɗaya sai da ya kai ni kusan rabin sa'a, tafin hannuna duk ya yi bororo ya fashe. Inna ba ta fita ba, ba ta kuma leƙo ba. Ina jin ƙarar mazarinta ta cikin zana, siririya, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya har na gama. Da na ɗaure itatuwan, sai na yi abin da babu wanda ya sa ni, abin da ya fi sarewar muni. Na kira Dije na ce ta kawo mini anguryar bana, wadda Inna ta gurza ta ajiye a ɗan gora. In an bar iri, ai an bar auduga. Dije ta ce in kashe ta tukuna. Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, a hankali.

"Ba shi."

Ban ƙone su a gida ba. Na ɗora a keke na tura har bakin Ƙofar Wunti, inda mutane ke wucewa, na cinna musu wuta a nan, na juye goran a kai. Angurya tana da mai, ta riƙa fashewa tana tartsatsi. Na tsaya har ta cinye, ina amsa gaisuwar masu wucewa, ina so labari ya kai Fadaman Mada kafin la'asar. Ya kuwa kai.

Da na je ofis na faɗa wa Baturen gona, ina jiran yabo. Ya cire tabarau ya goge, ya dube ni.

"Gindi nawa ka ce?"

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"A cikin gari, bayan katanga? Malam Buba, ai gonaki nake nufi. Da ka tambaye ni da na ce ka bar tsohuwa da abinta." Ya mayar da tabaraunsa. "Amma madalla, ka nuna misali."

Sunana ne ya fito a kwas ɗin Zariya. Duk muƙamin da na riƙe daga baya, da gidan nan da kuke ciki, da makarantun da kuka yi, daga wannan kwas suka faro. Ku san a kan me aka aza tubalin.

Kafin in tafi na kai wa Inna buhun auduga lamba ɗaya, sabon iri, fara sol, doguwar kaɗa. Ta sa hannu ta taɓa, ta ce Dije ta yi mini godiya. Ta kaɗa ta kuwa tsaf, Baffa ya saƙa, aka yi majanyi da shi. Kai Sani ɗana, da shi aka goya ka. Amma ko sili ɗaya bai shiga tukunyar ƙarƙashin gado ba. Na sa Dije ta lallashe ta, na ce ai auduga auduga ce, kuma da hannunta za ta kaɗa. Amsar da ta dawo mini ita ce, wannan audugar ba ta san uwarta ba. Daga nan na fara neman tsohon irin a ɓoye. Duk ƙauyen da aiki ya kai ni sai in ja wata tsohuwa gefe in tambaya. Su kuwa da sun ga wandon kaki sai su rantse ba su taɓa ganin irinta ba, kuma da yawansu gaskiya suke faɗa, don ni da abokan aikina mun yi aikinmu da kyau. Sau ɗaya na samo 'yar angurya a wajen Dass, na kawo da ɗoki. Inna ta murza ta a tafin hannu, ta kai hanci, ta miƙa wa Dije ta ce a ba awaki, ba ita ba ce.

Ana gab da bikin 'yancin kai aka kai mu 'yan kwas Kaduna mu ga masaƙar. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi ƙwalla. Ɗaki guda ya fi filin idi, injuna jere suna ruri, 'ya'yan talakawa irina suna tsaye a kansu, farin yadi yana kwarara ba iyaka. Na ce a raina ga abin da na sare itacen Inna dominsa, kuma ya isa a sare. Na sayi bandir guda na alawayyo, saƙar ƙasarmu, da tambarin masaƙar shuɗi a bakinsa. Na iso Bauchi gari ya cika da tutoci, 'yan makaranta suna maci, kowa yana yi wa kowa barka. Na shiga na ajiye bandir ɗin a bakin ƙofar Inna, na ce ga tufar 'yanci, audugarmu ce, saƙarmu ce, babu hannun baƙo a ciki. Ta jawo shi ta shafa.

"Dije, ce masa yana da laushi. Wa ya kaɗa zaren?"

"Wai inji ne, Inna."

"To. In ya koma ya gaishe shi."

Dije ta fashe da dariya, ni ma na yi, har Inna sai da ta rufe baki da gefen mayafi. Na fita ina jin an yafe mini. Ban lura da cewa ba ta ɗinka komai da yadin ba. Ƙarƙashin gado ta tura shi, kusa da tukunya.

Ba ta ga kaka ta biyu bayan wannan ba. Ciwon bai yi tsawo ba, zazzaɓi ne da tari, kwana tara. Ta cika da safe, bayan an fito daga masallaci, ina tsugune a bakin ƙofar da na saba tsugunawa. Har ta tafi ba ta kira sunana ba, kuma ban sa ran za ta kira ba.

Muna zaune a zaure da Baffa da liman, mata suna ciki suna shiri. Baffa ya riga ya saƙa duk zaren da ke tukunyar tun da ta kwanta, ya haɗa, ya aika musu. Can sai ga Dije ta leƙo, idonta ya kumbura, ta yafito mu ni da Baffa zuwa soro na biyu.

"Bai kai ba," in ji ta. "Ya yi zane da riga da ɗankwali. Na naɗewa babu."

 Baffa bai ko dube ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce bari in ruga kasuwa. Dije ta girgiza kai.

"Ba sai ka je ba. Ta bar saƙo tun ranar da ta kwanta. Ta ce, ki gaya wa wancan kada ya sa abin a ransa, a cika da nasa."

Ashe tun ranar da na kawo bandir ɗin ta auna shi da ido, ta san abin da zai yi. Ranar da nake dariya ina jin an yafe mini, ita likkafaninta take karɓa daga hannuna. Aka fito da shi, ko ƙura bai yi ba. Baffa ya warware bakin, ya ga tambarin nan shuɗi, ya sa haƙori ya tsaga, ya yage wurin ya yar a ƙasa, sannan ya auna da kamu ya yanka. Haka aka yi mata sutura: nata a ciki, yana taɓa jikinta, nawa a waje. Da muka sauke ta a kabari, ni na karɓi wajen kai. Abin da idona ya gani na ƙarshe shi ne farin yadin Kaduna, fari tas, babu ko ƙulli ɗaya a saƙarsa.

A wurin zaman makoki ne wata tsohuwa ta tambaya yadda aka yi zaren bai kai ba, Dije ta yi wuf ta ce, ai Hamma bai san na mene ne ba lokacin da ya tuge. Ina ji daga zaure. Ban gyara ba.

Na yi shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, na zauna a teburin da ake tsara irin waɗannan dokoki, na sa hannu a wasu. In kun tambaye ni yau ko ya kamata ƙasa ta kafa masaƙarta ta kuma kare ta, zan ce ƙwarai kuwa, ƙasar da ba ta iya tufatar da kanta ba ta gama samun 'yanci ba. Amma wanda yake tsarawa a Kaduna eka yake gani, ba ya ganin gindi bakwai a bayan ɗakin tsohuwa, kuma ba laifinsa ba ne, daga can ba a hangowa. Shi ya sa ake ɗaukar irinmu, 'yan gari, waɗanda suka san wace katanga ce za a leƙa, wace ce za a wuce. Ni aka ɗauka don in sani, na kuwa sani, na zaɓi in huce haushin dariyar da aka yi mini a gindin tsamiya. Baffa bai samu shiga cikin mutum dubun nan ba. Ya ci gaba da saƙa har masu saye suka ƙare, ya rataye kayan a rumfa, gara ta gama da su. Masaƙar Kaduna ma na rayu na ga ƙarshenta. Na wuce ta wurin da furfurata, na tarar da ƙofa a garƙame, ciyawa ta fito ta tagogi, 'yan talla a bakin titi suna sayar da atamfar da aka saƙa a wata ƙasa. Na tsaya a wurin na daɗe, direba yana ta duba agogo. Ba injunan nake tunani ba.

A cikin akwatin ƙarfen da ke ɗakina, ƙarƙashin takardun fansho, akwai mazarin Inna. Dije ta ba ni shi ana gobe za ta tafi asibitin da ba ta dawo ba. Akwai ɗan zare a naɗe a jikinsa, na audugar garka, ragowar da bai isa a kai wa masaƙi ba. Ba shi da haske, yana da kauri a wani wuri da siranta a wani, kuma alli yana nan a jikinsa inda yatsunta suka bi. Ni likkafanina na kanti ne, ku saya ko wane iri kuka samu, ban cancanci zaɓe ba. Amma ranar da za a ɗinka shi, Sani, ka warware zaren nan ka ba mai ɗinkin. Ya tsufa, zai riƙa tsinkewa. In ya tsinke ku ƙulla, ku ci gaba har inda ya kai.